Cocin da Ya Juya wa Gabas Baya

Na je Kuala Lumpur ne neman digiri na uku a fannin zanen gine-gine, kuma mutumin da na ɗora bincikena a kansa wani Baturen Ingila ne da ya ƙarar da rayuwarsa wajen zana coci. Ya mutu tun kafin a haifi mahaifina. 'Yan'uwana Hausawa da muke haɗuwa ranar Juma'a ba su taɓa barina na sarara a kan wannan zaɓi ba. Akwai wani Bakano mai karatun harkar banki, duk inda ya hango ni sai ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe Bishop, yau ƙarfe nawa ne service?" Ni kuwa Bazazzagi ne, ba na barin ta kwana. Nakan ce masa ya bari in gama, da shi zan fara wa'azi tunda na ga alamar yana da bukata. Sai a yi dariya, mu wuce shagon mamak, wato wurin cin abinci na Indiyawa Musulmi, a ci roti, wato gurasarsu, a sha shayi.

Gaskiyar magana, ba ni da wani dogon dalili. A kan hanyarmu ta zuwa makarantar firamare akwai wani ɗan coci na jan bulo kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma duk zafin bazara idan ka raɓi bangonsa sai ka ji sanyi. Tun lokacin nake son sanin yadda ake sa gini ya yi haka. Da na girma na shiga karatun, sai sunan Baturen nan ya riƙa fitowa jefi-jefi a ƙasan shafi, wurin da ake ajiye mutanen da ba su shahara ba. Ni kuma ina da wata ɗabi'a, wanda aka ture gefe shi nake bi.

Ga abin da na tattara a kansa. Ɗan kafinta ne, an haife shi a wani ƙaramin gari inda ubansa yake sassaƙa bencinan coci. Yana saurayi aka kai shi Landan koyon aiki a ofishin wani babban mai zane, ya yi shekaru yana kwafe zanen wasu, yana hawa tsani yana auna tsofaffin gine-gine cikin sanyi. A farkon ƙarni na ashirin ya buɗe nasa ofishin, ɗaki ɗaya a saman shagon tela. Ya shiga gasar zana wani babban coci ya sha kaye, ya sake shiga wata ya sake shan kaye. Daga nan ya haƙura da manyan ayyuka, ya koma yi wa unguwannin ma'aikatan masana'antu ƙananan coci na jan bulo, masu rufi mai tsini da dogayen tagogi. Ba su da ado, amma ba sa yoyo, kuma wanda ya zauna a bencin ƙarshe yana jin mai wa'azi.

Abu ɗaya aka san shi da shi, taurin kai a kan gabas. A al'adar cocinsu, bagade, wato teburin da limaminsu yake tsayawa a gabansa, a gabashin gini ake sa shi, jama'a su zauna suna fuskantarsa. Sauran masu zane sukan yi sassauci idan fili ya matse. Shi kam a'a. An ce ya taɓa ajiye aiki sukutum saboda titi ya hana shi daidaita gini da fitowar rana, alhali a lokacin neman aikin yake ruwa a jallo. Ya burge ni a nan, domin na san irin wannan hali a gidanmu.

Sai yaƙin duniya na farko ya zo. Ɗansa ɗaya tilo, wanda ya fara zama a gefen teburinsa yana koyon zane, aka ɗauke shi soja aka tura shi Falasɗinu, kuma can aka binne shi a wata maƙabartar sojoji a gefen Birnin Ƙudus. Bayan yaƙi tsohon ya je ya ga kabarin sau ɗaya. Da ya dawo sai ya rufe ofis, ya karɓi aikin zana wa 'yan mishan ƙananan coci a ƙasashen da Ingila take mulka, ya shiga jirgin ruwa da furfurarsa. Masu rubuta tarihi ba sa ɓata tawada a kan wannan zango na rayuwarsa. Abin da suke cewa bai wuce layi biyu ba: ya tsufa, baƙin ciki ya cinye shi, hannunsa ya lalace.

Ɗaya daga cikin ayyukan nan na ƙarshe, in dai nasa ne, yana gefen Kuala Lumpur, a wurin da a da gonar roba ce. Yanzu babu itacen roba ko ɗaya. Dogayen benaye sun kewaye shi ta ko'ina, shi kuma yana tsugune a tsakiyarsu da jan bulonsa da barandarsa da ta zagaye shi. Masu ibada a cikinsa 'yan ƙabilar Tamil ne, jikokin leburorin da aka kwaso daga Indiya don tatsar roba. Suna cire takalmi a bakin ƙofa kamar yadda muke yi, abin da ya sa ban taɓa jin baƙunta sosai ba. Kakanninsu sun bar musu labari cewa wani tsohon Bature mai ɗingishi ne ya zo da kansa ya kafa turakun harsashin. Takarda kuwa babu. Abin da gara ba ta ci ba, yaƙi na biyu ya ƙone.

Matsalar ita ce cocin ya juya wa gabas baya. Bagadensa yana yamma, yamman ma ba sosai ba, ya ɗan karkata arewa. Saboda haka wani masani ɗan Ingila, wanda kowa da littafinsa yake dogara, ya yanke hukunci a taƙaice: ko dai ba aikin mutumin ba ne, ko kuma magina ne suka shimfiɗa zanen a baibai bayan ya tafi. Ko wanne ne, ginin kuskure ne. A unguwar ma sunan da ake kiransa ke nan, cocin baibai.

A shekarata ta uku kwamitin cocin ya kawo shawarar a rushe shi, a gina bene mai na'urar sanyaya ɗaki da wurin ajiye motoci. Ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. Jama'a sun ƙaru, ranar Lahadi rabin mutane a baranda suke tsayawa, matasa kuma sun gaji da fanka. Akwai fili a baya da za a iya gina sabon a kai, sai dai gangare ne mai wuyar aiki, kuma shugaban kwamitin, wani injiniya mai ritaya wanda ba ya wasa da hujja, ya ce ba zai wahalar da jama'a saboda kuskuren magina ba. Limaminsu ya sa ranar ƙuri'a bayan bikin Ista. Ya ce duk mai magana ya kawo ta kafin ranar, domin in an ɗaga hannu an gama.

Wadda abin ya fi ci wa rai ita ce wata dattijuwa da kowa yake kira Anti, tsohuwar malamar makaranta, wadda take riƙe da makullin cocin. A cikinsa aka yi mata baftisma, a cikinsa aka ɗaura mata aure, daga cikinsa aka fita da gawar mijinta. Tun ranar da na fara zuwa da tef ɗin awo ta ɗauke ni tamkar ɗalibinta da bai yi aikin gida ba. Ba ta taɓa tambayata me Musulmi yake nema a coci ba. Tambayarta kullum ɗaya ce, ko na ci abinci, kuma ba ta taɓa yarda da amsata ba. Da aka sa ranar ƙuri'a ta same ni ina auna taga, ta ce ita in ta tashi magana a gaban kwamiti kuka zai ci ƙarfinta, don haka ni zan yi.

Na yi, na kuma sha ƙasa. Na je zaman kwamitin da hotuna: yadda aka jera bulo, tsayin tagogi, da wata 'yar tsaga irin ta kafintoci da yake yi a bakin kowane katakon rufi, wadda na gani a hotunan duk gine-ginensa na Ingila. Injiniyan ya saurare ni har ƙarshe, ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce duk wannan ko ɗan koyo zai iya kwaikwaya. Ya ce ni da bakina na gaya musu mutumin ya gwammace ya rasa aiki da ya kauce wa gabas, to me ya sa wannan ya kalli yamma? Da rashin amsa ya haɗu da saurin fushina, sai na ɗaga murya na ce ko ba a san dalili ba, ai ba a rushe abin da ya kusa shekara ɗari saboda wurin ajiye mota. Ya ce, cikin sanyin murya, ra'ayi na kawo, shi kuma hujja ya nema. Na fito kunnuwana suna zafi, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa. Anti ta raka ni bakin titi, ta cusa mini ƙunshin abinci a jaka.

A wannan tsakanin matata ta haihu, mahaifiyarta ta zo daga Zariya don ta kula da ita. Inna ba ta taɓa fita Najeriya ba. Gidanmu a unguwar Cheras yake, can sama a wani dogon bene, kuma kwanakin farko ba ta yarda ta matsa kusa da taga ba. Amma rigimar gaske a kan salla aka yi ta. Ranar da ta sauka, da azahar ta yi, ta tambayi ta ina rana take fitowa, aka nuna mata, ta shimfiɗa darduma ta fuskanci can. Matata ta ce mata a nan yamma ake kallo. Inna ta ɗauka zolaya ce. Da ta ga da gaske ake, sai ta ce ita tun tasowarta gabas take kallo, gabas ake fuskantar da rago a yanka, gabas ake fuskantar da mamaci, ba za ta zo ƙasar mutane da tsufanta ta juya wa alƙibla ƙeya ba. Duk Bahaushen da ya sauka a ƙasar nan sai jikinsa ya yi masa wannan gardama. Mu dai mun yi tamu a ɓoye ne, ita ta yi tata a fili.

Matata, wadda bakinta ya saba da "lah" ɗin da mutanen garin suke ƙarasa magana da shi, ta same ni a falo. "Don Allah ka yi mata explaining, ni na gaji lah. Ta ce sai dai in kira mata malaminsu a waya."

To, ba a koya wa suruka karatu ido da ido. Sai na ɗauko lemo daga firji, na zauna kusa da ƙofar ɗakin da Inna take, na shiga yi wa matata bayani da murya mai ƙarfi, ita ma ta san ba da ita nake ba. Na ɗiga biro a jikin lemon na ce nan Zariya, nan Makka, nan kuma inda muke. Na ce daga gida Makka tana gabas da mu, shi ya sa muke kallon gabas. Amma jirgin da ya kawo Inna ya wuce Makka ya yi ta tafiya, yanzu ta koma bayanmu, wanda ya kalli fitowar rana a nan teku kawai yake kallo. Can sai muka ji ana jan darduma a kan tayil.

"Ki ce masa na ji," in ji Inna daga ciki. "Ashe ba ranar muke bi ba, Ɗakin Allah muke bi."

Matata ta ɓare lemon muka sha.

Bayan 'yan kwanaki na koma cocin, ba don ina da sabon abu ba, sai don in ƙarasa zanen ginin kafin a rushe, ko ba komai ya rage a takarda. Da la'asar nakan tsallaka titi in yi salla a wani ɗan masallaci da ke bayan shaguna. Ranar sai aka tsuge da ruwa irin na garin, wanda yake mayar da titi kogi kafin ka ɗaure takalmi. Na jira bai tsagaita ba, lokaci kuma yana tafiya. Anti ta ce in yi a baranda mana, wa zai hana ni. Ta kawo mini ruwa a roba, ta share mini wuri a gefen dogon bangon. Na duba alƙibla a waya, na shimfiɗa 'yar dardumar da nake yawo da ita a jaka, na tayar.

Allah ya yafe mini, a raka'a ta biyu hankalina ya rabu. Gefen dardumata da gindin bangon cocin tare suke tafiya kamar layin dogo. Ba daidai wa daida ba, bangon ya ɗan fi karkata dama. Na yi ta maza na ƙarasa, na yi sallama, na zauna ina kallon ƙasa. Ni da wannan gini kusan wuri ɗaya muke kallo. Karkatar nan tana cikin zanena tun shekarar farko, na auna ta da kamfas na rubuta, na ɗauke ta sakacin magina kamar yadda littafi ya ce. Amma wanda ya shimfiɗa zane a baibai yamma sak zai samu, ba yamma mai karkata ba. Sai maganar Inna ta faɗo mini. In shi ma tsohon ba ranar yake bi ba fa? Kuma wane gari ne yake dama kaɗan da Makka ga wanda ya tsaya a nan, in ba alƙiblarmu ta farko ba?

Ban jira ruwa ya ɗauke ba. Na shiga jirgin ƙasa sharkaf, mutane suna matsawa daga kusa da ni. A gida na buɗe hoton tauraron ɗan'adam a kwamfuta, na ja layi daga ƙofar cocin ya ratsa ta tsakiyar bagade, na bar shi ya miƙe yadda jirgin sama yake bin doron duniya. Ya tsallaka teku, ya ratsa Indiya, ya bi ta kan hamada, ya je ya sauka a Birnin Ƙudus. Na yi wata ƙara da ta tashi jaririya daga barci, na sha faɗa wurin mata biyu a lokaci ɗaya, ban kuma ji zafin ko ɗaya ba.

Washegari na kai wa malamar da take duba bincikena, wata farfesa 'yar ƙasar mai sanyin hali wadda ban taɓa ganin ta yi mamakin komai ba. Ta kalli layin, ta gyara tabarau, ta ce gini ɗaya yana iya zama dace, in kawo mata wani. Na so in yi gardama, na tuna yadda ta ƙare mini da injiniya, na haɗiye. Cikin ayyukansa na ƙarshe akwai biyu da babu mai musun nasa ne, ɗaya a kudancin Indiya, ɗaya a gaɓar tekun gabashin Afirka. Dukansu littafin nan ya ce sun karkace, ya ɗora laifin a kan tsufa da matsin fili. Na nemo su a hoton sama nan a ofishinta, tana tsaye a bayana. Na Indiya yana kallon arewa maso yamma. Na Afirka kusan arewa sak yake kallo, abin da babu mai shimfiɗa zane a baibai da zai samu. Na ja layukan. Suka taho daga wurare uku masu nisa da juna, suka haɗu a gari ɗaya.

Farfesa ta jawo kujera ta zauna. Ta ce lissafin ba mai wuya ba ne, kowane matuƙin jirgin ruwa na zamanin zai iya yi masa shi, kuma ai makonni ya yi a cikin jirgi. Sannan ta ce, "Ashe hannunsa bai lalace ba." Ni kuwa ba hannunsa nake tunani ba. Tsoho mai ɗingishi nake hangowa a tsakiyar gonar roba, cikin wannan zafi, yana kafa turaku yana ɗaure igiya. A Ingila gabas da Ƙudus kusan hanya ɗaya ce, bai taɓa bukatar ya zaɓa ba. Da jirgi ya wuce da shi, dole ya zaɓa, ya kuwa zaɓa da taurin kan nan nasa. Ko birnin ya bi ko kabarin ɗansa, wannan shi da Allah suka sani, ni layin kawai zan iya rantsewa a kai. Na ji tausayinsa har idona ya ciko, ni da na baro jaririya a gida.

Ranar ƙuri'a ban tafi da kwamfuta ba, domin na lura tsofaffi ba sa yarda da abin da gilashi ya nuna musu. Tun kafin ranar na je titin 'yan kasuwa na Jalan Tuanku Abdul Rahman, inda dama Inna ta aike ni sayen mayafan tsaraba, na samo ƙwallon taswirar duniya irin na 'yan makaranta a wani shago, na karɓi jan zare da allurai a wurin matata. Haka na shiga jirgi rungume da duniya a ƙirji, kowa yana satar kallona.

Cocin ya cika har baranda, takalma sun yi tsibi a ƙofa, fankoki suna juya iska mai zafi. Da aka ba ni dama ban yi dogon jawabi ba. Na ba su tarihin mutumin a taƙaice, har da maganar ɗansa. Na soka allura a wuraren nan uku, na ɗaura zare a kowacce. Sannan na roƙi injiniyan ya fito, na ba shi kamfas da ma'aunin kusurwa da awon gine-ginen, na ce ya ja zaren da hannunsa don kada a ce ni na lanƙwasa. Ya sa tabarau. Ba mutum ne mai gaggawa ba. Ya auna na farko ya sake aunawa, ya fita da kamfas ɗin har bakin ƙofa ya daidaita shi da tsakiyar ginin, ya dawo. Da ya ja zare na uku ya danne shi da babban yatsa a kan sauran biyun, sai ya sunkuya ya karanta sunan garin da ke ƙarƙashin yatsansa.

Da ya ɗago, ba ni ya kalla ba, jama'a ya kalla. "Na nemi hujja, an kawo," ya ce. "Ginin nan ba kuskure ba ne. Ni na kawo shawarar rushewa, ni nake janye ta."

Limamin ya ce duk da haka a ɗaga hannu, tunda an sa ranar. Hannuwan masu son a bar cocin suka tashi, na tsofaffi da farko, sannan na matasan da suka gaji da fanka, wasu suna dariya suna ɗagawa. 'Yan kaɗan ba su ɗaga ba, ban kuma riƙe su a zuciya ba. Aka tsayar cewa sabon benen zai koma gangaren baya, injiniyan da kansa ya ce shi zai tsaya a kan aikin harsashin. Wata mata ta fara waƙa da harshensu, sauran suka amsa, ni kuma ina tsaye a gefe da duniya a hammata ban san inda zan sa kaina ba. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin da ban taɓa ji ba a kan aiki, ko ranar da aka ba ni digirin daga baya bai kai wannan ba. Na taya Anti murna, na taya kaina, na kuma taya tsohon da aka yi shekaru ana cewa ya rikice alhali shi kaɗai ya san inda ya dosa.

Sai da mutane suka watse, kowa ya gama girgiza mini hannu da cusa mini kek, sannan Anti ta yafito ni. Ba ta yi mini godiya ba, ba halinta ba ne. Ta kai ni wajen wani benci na gaba-gaba da ke jikin bango, ta buɗe jakarta ta fito da wani abu naɗe cikin tsohon zane. Ɗan allon tagulla ne mai ɗauke da sunan mijinta, irin wanda iyalai suke kafawa a bangon coci don tunawa da mamaci. Ta ce ranar da na sha ƙasa a gaban kwamiti ta dawo ita kaɗai ta kwance shi, don kada katafila ta haɗa da shi. Tun ranar yake cikin jakarta, da shi take zuwa kasuwa, da shi take zuwa asibiti. Ko 'ya'yanta ba ta gaya wa ba.

Ta miƙo mini sukudireba da ƙusoshin da ta ƙulle a bakin hankici. "Hannuna rawa yake yi yanzu," ta ce. "Kai ka mayar da shi."

Na durƙusa na lalubo ramukan a jikin bulo, na ɗaura na sama biyu, na ja baya in gani. Ta ce ya karkace ta hagu. A idona daidai yake, amma na sassauta na ɗaga shi kaɗan. Ta sake dubawa, ta sa bakin sarinta, zanen nan na matan Indiya, ta goge wurin da yatsuna suka taɓa. Sannan ta zauna a bencin, ta ajiye jakar a gefe, ta ce in ɗaure ƙusoshin tamau, don ba za a sake kwance shi ba.